Bikin Osun-Osogbo: Tarihinsa, Tsarinsa da Halin da Yake Ciki

Gabatarwa

A cikin bukukuwan gargajiya da ake gudanarwa lokacin damina a kudancin Nijeriya, kaɗan ne suka kai bikin Osun-Osogbo suna da tara jama'a. Ana yin sa ne kowace shekara a cikin watan Agusta a garin Osogbo, babban birnin Jihar Osun, kuma yana ɗaukar kimanin mako biyu. A wannan shafi za mu yi wa mai karatu bayanin garin da kogin da kurmin da bikin ya dogara a kansu, da yadda ake tsara kwanakinsa, da mutanen da ke da hannu a cikinsa, sannan da matsalolin da ke barazana gare shi a yau. Inda muka kawo labarin da ya shafi imanin masu bin addinin gargajiya na Yarbawa, mun kawo shi ne kamar yadda su masu abin suke bayar da shi.

Garin Osogbo

Osogbo na ƙasar Yarbawa ne, kimanin kilomita 90 arewa maso gabas da Ibadan, kuma kilomita 100 da 'yan kai kudu da Ilorin. Ya zama babban birnin jiha a ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire Jihar Osun daga tsohuwar Jihar Oyo. Ƙananan hukumomi biyu ne suka raba cikin garin, wato Osogbo da Olorunda. Sarkin garin ana kiransa Ataoja. Oba Iyiola Oyewale Matanmi na Uku ya riƙe sarautar daga 1976 zuwa 2010, sannan Oba Jimoh Oyetunji Olanipekun Larooye na Biyu ya gaje shi a 2010.

Yarbawa na yi wa garin kirari da Ilu Aro, ma'ana garin rini, saboda daɗewar matan garin a sana'ar rinin baba da yin zanen da ake kira adire. Duk wanda ya san marinar Ƙofar Mata a Kano zai gane ƙamshin da launin, sai dai a Osogbo mata ne ke riƙe da sana'ar, kuma a manyan tukwane suke rini maimakon rijiyoyin marina.

Abubuwa biyu ne suka ɗaga garin a tarihi. Na farko shi ne yaƙin da aka gwabza a bakinsa wajen shekarar 1840, lokacin da rundunar Ibadan ta kawo wa garin ɗauki, ta auka wa sansanin mayaƙan Ilorin da dare, sa'ad da dawakai ba su da amfani, ta kuma ci nasara. Masana tarihi na ɗaukar wannan yaƙi a matsayin abin da ya tsayar da faɗaɗar Ilorin zuwa kudu. Na biyu shi ne isowar layin dogo daga Legas a 1907, layin da ya zarce har ya kai Kano a 1911. Jirgin ƙasa ya mayar da Osogbo zangon ciniki, ya kuma ƙara kawo fataken goro da na shanu daga arewa, waɗanda zuriyarsu ke zaune har yau a unguwar Sabo.

Labarin Kafuwar Gari da Alkawarin Kogi

Ba za a fahimci bikin ba sai an san labarin da ya samo tushe daga gare shi. Tarihin baka ya ce mutanen Osogbo na farko sun fito ne daga wani gari da ake kira Ipole Omu, inda fari da ƙarancin ruwa suka addabe su. Wani maharbi mai suna Olutimehin ne ya gano kogin a cikin yawon farautarsa, ya koma ya sanar da shugabansu Larooye, suka taso da jama'arsu suka sauka a bakin ruwan.

An ce wata rana suna saran itace domin share wurin zama, sai wata bishiya ta faɗa cikin kogin. Nan take suka ji murya daga cikin ruwa tana kuka cewa an fasa mata tukwanen rininta, tana kiran mai saran da Oso igbo, wato matsafin kurmi. Daga wannan kalma ce, in ji masu wannan labari, sunan Osogbo ya fito. Mai muryar ita ce Osun, wadda masu addinin gargajiya ke ɗauka a matsayin uwar ruwan, mai bayar da haihuwa da waraka. Daga nan aka ƙulla alkawari tsakaninta da Larooye: ita za ta kare garin ta yalwata zuriyarsa, su kuma za su matsa daga bakin ruwan, su bar mata kurminta, su riƙa kawo mata sadaukarwa sau ɗaya a shekara. An ce wani kifi ne ya fito a matsayin manzonta, Larooye ya miƙa tafin hannunsa ya karɓe shi. Sarautar Ataoja gajarcewa ce ta kalmar Atewogbeja, wato wanda ya miƙa hannu ya karɓi kifi.

Dangane da shekarun wannan al'amari, akwai bambancin lissafi. Takardun hukumar UNESCO sun sanya kafuwar garin kimanin shekaru 400 da suka wuce, yayin da masu shirya bikin kan kai shi shekaru 600 ko fiye. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne bikin sabunta wannan alkawari ne, shi ya sa sarki da gidan sarauta suke a tsakiyarsa.

Kogi da Kurmi

Kogin Osun ya taso ne daga yankin Igede a Jihar Ekiti, ya ratsa ƙasar Ijesa da Osogbo da Ede, ya gangara kudu fiye da kilomita 250 har ya zuba a tafkin Lekki da ke Jihar Legas. A gefen kudancin Osogbo kogin ya bi ta cikin wani kurmi mai faɗin hekta 75, wanda aka kewaye da wata hekta 47 a matsayin shingen kariya. Wannan kurmi yana cikin ragowar manyan dazuzzukan asali na kudancin Nijeriya. A da kusan kowane garin Yarbawa yana da irin wannan kurmi na bauta a bayansa, amma akasarinsu noma da gine-gine sun cinye su.

Bisa ƙidayar da aka gabatar wa UNESCO, a cikin kurmin akwai wuraren bauta 40, da tsofaffin fadoji 2, da wurare 9 na sadaukarwa a bakin kogi, da nau'o'in tsirrai fiye da 400, waɗanda fiye da 200 daga cikinsu ana haɗa magani da su. Al'ada ta hana farauta da kamun kifi da saran itace a cikinsa, saboda haka birai suna yawonsu a kan hanya ba tare da tsoron mutane ba. Akwai kuma wata gada mai lilo da aka gina a kan kogin a 1935, zamanin mulkin Turawa.

Gwamnatin Tarayya ta ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1965, aka faɗaɗa kariyar ta game dukkan kurmin a 1992. A watan Yulin 2005, a taron da aka yi a birnin Durban na Afirka ta Kudu, UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Shi ne wuri na biyu a Nijeriya da ya sami wannan matsayi, bayan Sukur ta Jihar Adamawa wadda ta samu a 1999. Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayayyakin Tarihi ta Ƙasa ce ke kula da shi, tare da haɗin gwiwar Gwamnatin Jihar Osun da fadar Ataoja.

Yadda Aka Ceto Kurmin

Ya kamata mai karatu ya sani cewa saura ƙiris wannan kurmi ya bi sahun sauran. Zuwa shekarun 1950 yawancin mutanen garin sun karɓi Musulunci ko Kiristanci, masu kula da wuraren bauta sun ragu, gara ta cinye gine-ginen, ɓarayi suna sace sassaƙe-sassaƙen suna sayarwa, sashen gandun daji kuma ya sare wani ɓangare ya dasa itacen katako.

A wannan hali ne Susanne Wenger ta shigo cikin labarin. 'Yar ƙasar Ostiriya ce, mai zane, an haife ta a birnin Graz a 1915. Ta zo Nijeriya a farkon shekarun 1950 tare da mijinta na lokacin, Ulli Beier, ta zauna a Ede, inda ta shiga addinin gargajiya na Yarbawa, daga baya ta koma Osogbo aka san ta da suna Adunni Olorisa. Da masu kula da kurmin suka nemi taimakonta, sai ta tara magina da kafintoci da masassaƙa na garin, irin su Adebisi Akanji da Buraimoh Gbadamosi, suka sake gina wuraren da suka rushe da laka da siminti da ƙarfe. Manyan siffofin da baƙo ke gani a yau, kamar na Iya Mapo mai tsawon da ya kere rufin ɗaki, aikinsu ne. Waɗannan gine-gine sun zama alamar iyaka da ta hana masu neman fili kutsawa. Wenger ta rasu a Osogbo ranar 12 ga Janairu, 2009, tana da shekara 93.

A daidai wannan zamani garin ya yi fice a fannin zane da wasan kwaikwayo. A 1962 Duro Ladipo ya buɗe ƙungiyar Mbari Mbayo a gidansa, kuma daga horon da Georgina Beier ta bayar a can a 1964 aka sami masu zane irin su Twins Seven-Seven da Jimoh Buraimoh da Muraina Oyelami. Nike Davies-Okundaye ta kafa cibiyarta ta koyar da adire a garin a 1983. Saboda haka lokacin biki lokaci ne na baje kolin zane da tufafin rini.

Tsarin Kwanakin Biki

Fadar Ataoja ce ke sanar da ranakun kowace shekara. Lokacin yakan dace da ɗan tsaikon ruwan sama da ake samu a kudu maso yamma cikin watan Agusta, ko da yake wannan bai hana a yi ruwa a ranar taro ba. Manyan matakan bikin su ne kamar haka:

1. Iwopopo. Wannan ita ce ranar buɗewa, ranar tsarkake gari. Ataoja yakan fito daga fada tare da matansa da hakimansa da makaɗa, ya bi babban titin garin zuwa unguwar Gbaemu, inda yake zama jama'a su kawo gaisuwa rukuni-rukuni, ya yi wa gari fatan alheri, sannan ya koma fada.

2. Kunna fitila mai baki 16, wadda ake kira Atupa Olojumerindinlogun. Bayan 'yan kwanaki da Iwopopo ake kafa wannan tsohuwar fitila ta ƙarfe a harabar fada, a zuba mata manja da lagwanin auduga, ta yi ta ci tun daga magariba har goshin asuba. Sarki da iyalinsa sukan fito su kewaye ta da rawa sau uku a cikin daren. Tarihin baka ya ce Olutimehin ne ya ƙwato ta daga hannun iskokin kurmi.

3. Iboriade. A wannan rana ake fito da kambunan sarakunan da suka gabata da sauran kayan sarauta, a jera su a gaban sarki, a yi addu'ar ɗorewar sarauta da zaman lafiyar gari.

4. Ranakun tunawa. Akwai kwanakin da aka keɓe domin tuna sarakunan da suka shuɗe da matansu, da ranar da ake ciyar da jama'a. A tsakanin waɗannan ake gasar ayo, wasan allo mai gurabe 12 da ƙwayoyi 48, da kokawa, da fitowar dodanni masu rufe fuska, da kaɗe-kaɗen gangunan dundun da bata.

5. Ranar Arugba. Ita ce ranar ƙarshe, kuma a bisa al'ada takan faɗo ne ranar Juma'a.

Arugba

Arugba budurwa ce da ba ta taɓa sanin namiji ba, wadda ake zaɓa daga gidan sarauta ta hanyar duban Ifa. Takan zauna ƙarƙashin kulawar Iya Osun, shugabar matan da ke hidimar kogin, kuma takan riƙe matsayin shekaru da dama har zuwa lokacin aurenta, sannan a zaɓi wata. Aikinta shi ne ɗaukar babbar ƙwarya da ke ƙunshe da kayan sadaukarwa, an lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, daga fada zuwa bakin kogi da ƙafa.

Akwai sharuɗɗa a kan wannan tafiya. Ba ta magana, shi ya sa ake sanya mata goro a baki. Ba a son ta yi tuntuɓe ko ƙwaryar ta faɗi, domin ana ɗaukar hakan mummunar alama ce ga gari a wannan shekara. Saboda haka samari masu bulala ne ke kewaye da ita suna buɗa mata hanya. Yayin da take wucewa, masu imani da abin sukan kewaya hannu a kan kawunansu su ƙyasta yatsu zuwa baya, alamar sun jefa mata damuwarsu ta kai kogi. Idan ta isa, sai Iya Osun da Aworo, babban mai hidimar wurin, su karɓi ƙwaryar su kammala abin da ya rage. Shi kuma Ataoja yakan zauna a cikin kurmin ya karɓi gaisuwar hakimai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da mafarauta da baƙi, kafin a rako Arugba gida.

Mahalarta da yawa fararen tufafi suke sawa, kuma sukan zo da jarkoki su ɗebi ruwan kogin, wanda suke kira agbo, wato magani. Matan da ke neman haihuwa su ne suka fi yawa a cikin masu wannan buƙata, waɗanda kuma suka haihu sukan dawo da 'ya'yansu domin cika alkawari.

Mahalarta da Amfanin Bikin

Dubban mutane ne ke cika garin a makon ƙarshe. Bayan Yarbawan gida, akwai baƙi daga Barazil da Kyuba da Tirinidad da Amurka, jikokin waɗanda aka kwasa zamanin cinikin bayi, waɗanda suka riƙe sunan Osun a addinansu: Oxum a Barazil, Ochun a Kyuba. Ga masu otal da direbobi da masu abinci da masu sayar da adire da duwatsun ado, wannan shi ne lokacin kasuwa mafi girma a shekara.

Osogbo gari ne da Musulmi da Kirista suke da yawa ƙwarai, babban masallacin garin ma yana daura da fada. Ra'ayin mazauna game da bikin ya bambanta. Wasu suna zuwa ne domin bauta, wasu suna ɗaukarsa ranar tuna kafuwar gari da haɗuwar dangi, wasu kuma suna ƙaurace masa baki ɗaya saboda addininsu. Kowane ɓangare ya san matsayin ɗan'uwansa, kuma a cikin gida ɗaya ana iya samun duka ukun.

Watan Agusta ya zama watan al'ada a yankin gaba ɗaya. A cikinsa ake bikin Sango a garin Oyo, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2023, jerin da bikin kamun kifi na Argungu ya shiga a 2016, hawan Sallah na Kano kuma a 2024. Haka nan ranar 20 ga Agusta ita ce ranar Isese, ta masu addinin gargajiya, wadda jihohin Osun da Oyo da Ogun da Legas suka ba da hutu dominta a 2023.

Matsalolin da ke Fuskantar Bikin

Babbar matsala ita ce gurɓacewar kogin. Haƙar zinariya a ƙasar Ijesa, inda rassan kogin suke bi kafin su iso Osogbo, ta sa ruwan ya rine ya zama ja kamar kunun kanwa. Gwaje-gwajen da ƙungiyar Urban Alert ta sa aka yi sun nuna akwai dalma da zaiba a cikinsa fiye da abin da jikin ɗan Adam zai ɗauka, kuma a lokacin bikin 2022 Gwamnatin Jihar Osun ta gargaɗi mahalarta da kada su sha ruwan. Mu a arewa mun san illar wannan guba, domin a 2010 dalmar da ta fito daga sarrafa zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Dalma ba ta da ɗanɗano, tafasa ruwa ba ya kawar da ita, kuma ta fi yi wa ƙananan yara da mata masu ciki lahani, wato daidai mutanen da ake ɗebar wa ruwan. Ban da mahalarta biki, akwai garuruwa da ƙauyuka da dama da ke sha da noma da wannan kogi.

Matsala ta biyu ita ce lalacewar gine-ginen kurmin. Siminti da ƙarfe ba sa jure laimar kurmi, kuma yawancin maginan da suka yi aiki da Wenger sun rasu ko sun tsufa. Ambaliyar 2019 ta yi wa wurin bauta na Busanyin ɓarna mai yawa. Gidauniyar Adunni Olorisa ta ɗauki nauyin gyare-gyare da koyar da matasa sana'ar, amma aiki ne da ba ya ƙarewa.

Ta uku ita ce matsin gari da cunkoso. Gidaje sun matso har bakin shingen kariya, titin mota ya ratsa kurmin, taron rana ɗaya kuma yana barin tarin leda da robobi. A 2020, saboda annobar korona, an taƙaita bikin.

Shawara ga Mai Niyyar Zuwa

Wanda ya taso daga arewa zai iya bi ta Ilorin da Offa, ko ta Lokoja da Akure. Muna ba da shawarar a nemi masauki tun da wuri, a tafi da laima da takalmin da zai jure taɓo, a kuma riƙe ruwan sha daga gida ko a sayi na roba. A ranar Arugba kada a tare mata hanya, kada a shiga wuraren da aka keɓe, kuma a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum. A kula da yara da aljihu a cikin cunkoso. Wanda kuma kurmin da gine-ginensa kawai yake son gani, gara ya je a wasu watannin, domin ana buɗe wurin ga masu ziyara a sauran kwanakin shekara bayan biyan kuɗin shiga, kuma akwai jami'an da ke zagayawa da baƙi.

Kammalawa

Mun ga cewa bikin Osun-Osogbo ya tsaya ne a kan abu uku: sarauta, da kurmi, da kogi. Sarautar tana nan, kurmin kuma an ceto shi a shekarun 1960 ta hanyar aikin 'yan mutane kaɗan da dokar da ta biyo baya. Kogin ne yanzu ke jiran irin wannan ɗauki, kuma maganinsa yana can sama da Osogbo, a ramukan haƙar zinariya, inda dokar ma'adinai ta Gwamnatin Tarayya da sa idon jiha da na sarakunan yankin ya kamata su haɗu. Muna fatan wannan bayani zai amfani ɗalibai da matafiya da duk mai son sanin al'adun maƙwabtansa na kudu.